FAHIMTAR JUNA KAFIN RABON RUWA: MISALIN YANKUNAN KOGUNA NA JIHAR KOLORADO

1. Gabatarwa



Wannan lacca za ta tattauna ne a kan wata matsala da kowace hukuma mai tsara amfani da ruwa takan ci karo da ita, watau yadda za a sa mutanen da ke zaune a bakin koguna dabam-dabam su fahimci juna kafin a zauna rabo. Misalin da za mu ɗauka shi ne na Jihar Kolorado ta ƙasar Amurka, wadda ta shafe shekara goma cur, daga 2005 zuwa 2015, tana wannan aiki kafin ta fitar da tsarin ruwa guda ɗaya na jiha baki ɗaya. Injiniya na iya auna kogi, ya zana madatsa, ya ƙiyasta kuɗinta cikin 'yan watanni. To, amma in mutanen wani yanki suka ɗauka cewa an ƙulla tsarin ne don a kwashe musu ruwa, sai ya ƙare a kotu ko a akwatin ƙuri'a, kamar yadda za mu gani.

Abin da nake nufi da yankin kogi shi ne dukan ƙasar da ruwanta ke gangarowa ya zuba cikin kogi ɗaya, tun daga tudun da ya faro har mashigarsa. Iyakar irin wannan yanki ba ta cika dacewa da iyakar mulki ba, kuma daga nan ne rigima kan taso.

2. Yanayin ƙasar

Jerin Duwatsun Roki ya raba Kolorado gida biyu daga arewa zuwa kudu. Dusar ƙanƙara kan taru a kan duwatsun lokacin hunturu, ta narke idan zafi ya shigo, ta haifi manyan koguna huɗu: Kogin Kolorado mai nufar yamma, da Riyo Girande mai nufar kudu, da Arkansas da Platte masu nufar gabas. Kimanin kashi 80 cikin 100 na ruwan da ke sauka a jihar, a yammacin duwatsun yake sauka. Mutane kuwa, waɗanda ƙidayar 2020 ta nuna sun kusa miliyan 5.8, fiye da kashi 80 cikin 100 nasu a gabas suke, a Denba babban birnin jihar da biranen da ke jere da ita a gindin dutse. Mafi yawan gonakin ban ruwa ma a gabas suke, noma kuwa shi ke shanye kusan kashi 90 cikin 100 na ruwan da jihar ke ci.

Bugu da ƙari, ruwan da ya faro a Kolorado ba nata ne ita kaɗai ba. Akwai yarjejeniyoyi tara tsakaninta da jihohin da ke ƙasa da ita. Mafi girmansu ita ce ta 1922, wadda jihohi bakwai suka ƙulla a Santa Fe a kan Kogin Kolorado. Ma'aunin da suke aiki da shi can shi ne eka-ƙafa, watau ruwan da zai rufe gona mai faɗin eka ɗaya da zurfin ƙafa ɗaya, kimanin lita miliyan 1.2 ke nan. Yarjejeniyar ta ba jihohin sama eka-ƙafa miliyan 7.5 a shekara, ta ba na ƙasa miliyan 7.5, kana ta sharɗanta cewa kada jihohin sama su sa ruwan da ke wucewa ta wani wuri da ake kira Lee Ferry ya gaza eka-ƙafa miliyan 75 cikin kowace shekara goma a jere. A riƙe wannan sharaɗi a zuciya, domin za mu komo kansa.

3. Doka da ramukan dutse

Tsarin mulkin jihar na 1876 ya ce ruwan koguna mallakar jama'a ne, amma wanda ya riga ɗiba ya yi amfani da shi, shi ke da fifiko. Kowane haƙƙin ruwa yana da shekararsa. Idan kogi ya ja baya, sai a rufe wa na baya-baya har mai tsohon haƙƙi ya sami nasa cif. Wanda ya riga ka barci, in ji Bahaushe, zai riga ka tashi. Alal misali, magudanar manoman garin San Luis da ke kudancin jihar tana riƙe da haƙƙin 1852, kuma ita ce mafi tsufa da har yanzu ke aiki. A 1882 kotun ƙolin jihar ta yanke hukunci a wata shari'a ta magudanar Left Hand cewa ana iya janye ruwa daga wani rafi a tsallaka da shi zuwa wani. Wannan hukunci shi ya buɗe ƙofa ga abin da ya biyo baya.

Biranen gabas da manomanta suka shiga huda duwatsu. A 1936 ruwan yamma ya fara isa Denba ta ramin Moffat. A 1947 ya fara ratsa ramin Adams mai tsawon mil 13 zuwa gonakin arewa maso gabas. Ramin Roberts mai tsawon mil 23 yana jan ruwa daga tafkin Dillon, wanda aka kammala madatsarsa a 1963 bayan an tashi tsohon garin Dillon daga mazauninsa. A yau irin waɗannan hanyoyi sun haura 20, kuma suna tsallakar da kimanin eka-ƙafa 500,000 kowace shekara daga yamma zuwa gabas.

Ba a yi wannan duka bisa ƙarfa-ƙarfa kurum ba. A 1937 mutanen yamma sun amince da aikin ramin Adams ne bayan an yi musu alkawarin tafkin Green Mountain a matsayin diyya. Duk da haka, abin da ya zauna a zukatan mutanen yamma shi ne cewa gabas tana da kuɗi da lauyoyi da yawan ƙuri'a, kuma duk lokacin da ta ji ƙishi za ta sake huda dutse.

Akwai wata hanya ta biyu da birane ke samun ruwa, watau sayen haƙƙin manoma. Tun da haƙƙin ruwa dukiya ce da ake sayarwa, birni kan saye shi, ya juya ruwan zuwa famfo, gonar ta bushe. Gundumar Crowley da ke kwarin Arkansas ita ce misalin da kowa ke ambata. A shekarun 1970 da 1980 manomanta suka sayar da mafi yawan haƙƙinsu, ruwan ya koma hannun biranen Colorado Springs da Aurora da Pueblo. Gonaki suka zama ƙura da ciyawar banza, shaguna suka rufe, har ya zamana gidajen yari biyu na cikin manyan wuraren samun aiki a gundumar. Ashe ke nan rashin jituwar ba tsakanin gabas da yamma kaɗai take ba, akwai ta tsakanin birni da ƙauye a gabas ɗin kanta.

4. Abin da ya tilasta zama

Abubuwa uku ne suka nuna wa kowa cewa tsohuwar hanya ta toshe. Na farko, a 1990 Hukumar Kare Muhalli ta Tarayya ta hana gina babbar madatsar Two Forks wadda Denba ta daɗe tana shiri a kanta. Na biyu, farin 2002, wanda ya kasance ɗaya daga cikin mafi muni a tarihin jihar, ya sa tafkuna suka ja baya, aka taƙaita wa birane ruwa, manoma suka sayar da shanu. Na uku, a 2003 gwamnati ta nemi izinin jama'a ta ciwo bashin dala biliyan 2 don ayyukan ruwa, ba tare da ta faɗi ayyukan da za a yi ko kogin da za a taɓa ba. Aka kayar da ƙudurin a dukan gundumomi 64 na jihar. Shekara ɗaya tak bayan fari, mutanen da ke fama da ƙishi suka ƙi kuɗin ruwa, domin kowane yanki na zargin cewa shi za a yanka.

Mutumin da ya kawo mafita shi ne Russell George, ɗan yamma, tsohon shugaban majalisar wakilan jihar, wanda a lokacin yake shugabantar ma'aikatar albarkatun ƙasa. Ya ce tun da jihohi bakwai sun iya zama sun yi yarjejeniya a 1922, me zai hana yankunan koguna na jiha ɗaya su yi haka a tsakaninsu? A 2005 majalisar dokoki ta zartar da dokar da ta ginu a kan wannan shawara, Gwamna Bill Owens ya sa mata hannu.

5. Zaurukan shawara

Dokar ta kafa zaurukan shawara tara. Takwas na yankunan koguna ne: Arkansas, da Kolorado, da Gunnison, da Platte ta Arewa, da Platte ta Kudu, da Riyo Girande, da Kudu maso Yamma, da yankin kogunan Yampa da White da Green. Na tara kuwa na Denba ne da kewayenta. A kowane zaure akwai wakilan gundumomi da birane da hukumomin ruwa na yankin, sa'an nan akwai kujeru goma da aka keɓe, a cikinsu har da na noma, da masana'antu, da masu kare muhalli, da masu sana'ar yawon shaƙatawa a kogi. Waɗannan biyu na ƙarshe ba su saba samun kujera a taron ruwa ba kafin wannan lokaci. Taron a buɗe yake ga kowa.

A saman zaurukan akwai kwamitin tsakanin yankuna mai mutum 27: kowane zaure ya aiko da biyu, Gwamna ya naɗa shida, majalisun dokoki biyu su kawo ɗaya-ɗaya, sai shugaba.

Akwai dabaru biyu a cikin wannan shiri da ya kamata ma'aikacin gwamnati ya lura da su. Ta farko, dokar ta fito fili ta ce zaurukan ba su da ikon taɓa haƙƙin ruwan kowa. A ido wannan rauni ne, amma shi ya sa manomi ya yarda ya shigo ya yi magana ba tare da tsoron cewa za a yanke masa hukunci a bayan idonsa ba. Ta biyu, a 2006 aka kafa asusu daga harajin haƙar mai da ma'adinai, aka ce ba za a ba wani aiki kuɗi daga ciki ba sai zauren yankinsa ya amince. Da haka mai kiwon shanu da mai kare kifi suka sami ƙaramin abin da za su yanke tare, kamar gyaran bakin magudana ko auna rafi, tun kafin a zo ga babban abin da ke raba su.

6. Ginshiƙai uku na fahimtar juna

*Ƙididdiga ɗaya.* Kafin wannan lokaci kowane ɓangare da nasa alƙaluman, kuma kowa na ganin na ɗan'uwansa ƙage ne. Hukumar ruwa ta jiha ta fitar da binciken buƙatun ruwa na jiha baki ɗaya a 2004, ta sabunta shi a 2010. Aka ɗora wa kowane zaure nauyin ƙiyasta buƙatun yankinsa iri biyu: na ruwan da ake ɗiba a shanye, da na ruwan da ake bukatar a bari cikin kogi. Da yake ba wanda ya san gobe, sai kwamitin ya zana yanayi biyar da jihar za ta iya samun kanta a ciki nan da 2050, daga wanda tattalin arziki ya yi rauni har wanda jama'a suka ƙaru sosai ƙasa kuma ta daɗa zafi. Aka nemi matakan da za su yi amfani ko wanne ya auku. Gardama ba ta ƙare ba, amma ta koma a kan takarda ɗaya.

*Ma'anar kalmomi.* Wannan shi ne wurin da ɗalibin harshe zai fi samun abin nazari, domin mutane kan yi amfani da kalma ɗaya kowa da abin da yake nufi. Mu ɗauki kalmar rara. A wurin mai tsara ruwan birni a gabas, ruwan da ya fice ta iyakar yamma ba a ɗebe shi ba rara ce. A wurin mutumin yamma, wannan ruwa shi ne kifi ke rayuwa a ciki, shi ke kawo baƙi masu kashe kuɗi, shi ne ajiyar 'ya'yansa, kuma da shi ake cika sharaɗin 1922. Mu ɗauki amfani. Shekaru kusan ɗari doka ba ta san amfani ba sai an fitar da ruwa daga kogi. Sai a 1973 aka ba hukumar ruwa ta jiha izinin riƙe haƙƙin ruwan da za a bari yana gudu a cikinsa. Mu ɗauki asara. Ɗan birni kan ga manomi ya malale gonarsa ya ce ɓarna ce. Amma wani kaso na ruwan yakan nutse ya koma kogi bayan makonni ko watanni, manomin da ke ƙasa ya ɗiba, na ƙasa da shi ma ya ɗiba. Saboda haka tsimin wani na iya zama ƙishin maƙwabcinsa. Ruwan da aka tsallakar ta ramin dutse kuwa, ko ɗigo ba ya komawa kogin da ya fito. Sai da aka warware irin waɗannan ma'anoni a zaure kafin ɗan gabas ya gane dalilin da ya sa eka-ƙafa ɗaya ta rami ta fi yi wa ɗan yamma ciwo a kan eka-ƙafa ɗaya ta gonar maƙwabcinsa.

*Haɗarin da bai bar kowa ba.* An yi rabon 1922 ne bisa awon shekarun da ruwa ya yi yawa. Tun daga 2000 kuwa matsakaicin abin da Kogin Kolorado ke kawowa bai kai eka-ƙafa miliyan 13 a shekara ba, alhali rabon farko kaɗai miliyan 15 ne, ban da miliyan 1.5 da aka yi wa Meksiko alkawari a 1944. In har jihohin sama suka kasa cika sharaɗin Lee Ferry, ana iya tilasta rufe haƙƙoƙin da aka samu bayan yarjejeniyar. Mafi yawan manyan ramukan gabas a cikin wannan aji suke, haka kuma garuruwa da tafkuna da dama na yamma. Da aka baje wannan lissafi, sai ya bayyana cewa sabon rami zai jefa tsofaffin ramukan Denba cikin haɗari kamar yadda zai jefa yamma.

7. Abin da aka cim ma

A watan Mayu na 2013 Gwamna John Hickenlooper ya ba da umarnin a rubuta tsarin ruwa na jiha. Daga ƙasa aka faro: zauruka suka rubuta tsare-tsare takwas, domin Denba da Platte ta Kudu sun haɗa nasu. Jama'a suka aiko da ra'ayoyi fiye da 30,000. Aka miƙa tsarin a watan Nuwamba na 2015. Ya nuna cewa giɓin ruwan birane da masana'antu na iya kaiwa eka-ƙafa 560,000 a 2050, ya kuma sa burin tsimin eka-ƙafa 400,000 da ƙarin ma'ajiya ta eka-ƙafa 400,000 kafin wannan shekara, da kuma hanyoyin da manomi zai ba birni hayar ruwa na ɗan lokaci ba tare da ya sayar da haƙƙinsa ba.

Babban abin da ke cikinsa dangane da batunmu shi ne sharuɗɗa bakwai da kwamitin ya shimfiɗa game da duk wani sabon rami. A taƙaice: gabas ba za ta nemi tabbacin samun ruwa kowace shekara daga sabon rami ba, ita za ta ɗauki haɗarin shekarun fari, za ta haɗa shi da nata hanyoyin, kamar ma'ajiya da rijiyoyi, za a sa alamomin da za su nuna lokacin ɗiba da lokacin tsayawa, za a yi shirin haɗin gwiwa don kare masu amfani na yanzu daga rufewar dole, za a bar wa yamma abin da za ta girma da shi, za a ci gaba da tsimi da sake amfani da ruwa, kana za a kula da lafiyar kogi da sana'o'in da ke kansa. Gabas ba ta yi alkawarin daina neman rami ba, yamma kuma ba ta yi alkawarin yarda ba. Abin da suka amince da shi shi ne tambayoyin da dole a amsa kafin a fara haƙa. A cikin waɗannan shekaru ne kuma hukumar ruwan Denba da hukumomin yamma suka ƙulla wata yarjejeniya ta dabam, wadda ta fara aiki a 2013, inda Denba ta yarda ba za ta fara sabon aikin ɗibar ruwa a yankin Kogin Kolorado ba sai da amincewar mutanen wurin.

8. Iyakar abin

Kada a ɗauka an gama. Sharuɗɗan nan bakwai ba doka ba ne, kotu ba za ta tilasta su ba. Tsarin 2015 ya fito ba tare da isasshen kuɗi ba, sai a 2019 masu ƙuri'a suka amince, da ƙyar, da wani haraji a kan cacar wasanni don tallafa masa. Aikin ɗaga madatsar Gross, wanda hukumomin yamma suka janye adawarsu gare shi a ƙarƙashin yarjejeniyar 2013, ƙungiyoyin kare muhalli da ba sa cikin yarjejeniyar sun kai shi kotu. Masu suka kuma sun ce zaurukan sun fi cika da waɗanda ruwa ne sana'arsu, talaka mai aikin yini ba ya samun sararin zuwa. Zama bai ƙara wa kogi ko guga ɗaya ba: a 2021 Gwamnatin Tarayya ta ayyana ƙarancin ruwa a ƙasan Kogin Kolorado karo na farko a tarihi. An sabunta tsarin jihar a watan Janairu na 2023, kuma ta hannun zaurukan nan aka sake bi.

9. Kammalawa

Mu ma a nan muna da kogin da ya san wannan magana. Madatsar Tiga ta 1974 da ta Challawa ta 1992 sun canza yadda ruwa ke sauka zuwa fadamun Haɗeja da Nguru, da Kogin Yobe da ke bi ta Gashuwa da Gaidam har Tafkin Cadi. Mai noman rani a Kadawa, da masunci a Nguru, da makiyayi a bakin Yobe, kowa da abin da yake nufi in ya ce ruwa ya yi daidai. A 2006 jihohin Kano, Jigawa, Bauci, Filato, Yobe da Barno sun hallara a Damaturu sun amince da tsarin kula da yankin da kuma asusun haɗin gwiwa. Bambancin dokarmu da ta Kolorado babba ne, domin a nan ba a sayar da haƙƙin ruwa kamar gona, manyan madatsu kuma a hannun hukumomin Tarayya suke. Saboda haka ba kwafar tsarinsu za a yi ba.

Abin da za a iya ɗauka shi ne jerin aikin. A fara da awon da kowa ya yarda da shi, a buga shi kowa ya gani. A warware ma'anar kalmomi da harshen da manomi da masunci ke ji, domin taron da aka yi da Turanci a babban birni bai kai ga mai fatsa ba. A ba kowane yanki ƙaramin abin da zai yanke da kansa da kuɗin da zai aiwatar. A tabbata zaman na dindindin ne, kada ya zama na ranar da ambaliya ko fari ya zo. Bayan wannan ne za a ɗauki alƙalami a rubuta tsari. Ku ɗalibai da za ku shiga ma'aikatun ruwa da na gona, da ku da ke cikinsu yanzu, za a riƙa matsa muku ku kawo tsari cikin wata uku. Ku tuna cewa Kolorado ta nemi dala biliyan 2 a 2003 ba tare da ta zauna da kowa ba, ba ta ci ko gunduma ɗaya ba.